Ɓarawon da ke ɓuya a gurbin sunan ɗalibi

Lokacin da na fara koyarwa a Badagishiri, a babban littafi muke rubuta makin yara, da jan biro da shuɗi. Gara da yoyon damina kaɗai muke tsoro. Yau fayil ɗin Excel ne ke yawo a WhatsApp, daga malami zuwa darakta, wani lokaci har Illela ko Tawa. Wannan ya sa na bi tarihin abin.

Jadawalin kwamfuta na farko da ya yi tashe shi ne VisiCalc, a 1979. Excel ya fito a 1985. Mutane sun ɗauka takarda ce kawai mai yin lissafi da kanta, sai a 1996 ƙwayar cutar Laroux ta ɓulla: tana ɓuya cikin fayil ɗin Excel, da ka buɗe shi ta kama sauran jadawalanka.

Wata dabarar ta fi wannan wayo. A farkon 2000 injiniyoyin Microsoft suka raɗa mata suna, ana taƙaita shi XSS. Inda aka ce ka rubuta sunanka a shafin intanet, sai mugu ya rubuta umarni. In shafin bai tace rubutun ba, kwamfutar duk wanda ya buɗe shi za ta bi umarnin, tana zaton daga mai shafin ya fito. A Oktoban 2005 wani matashi a Amurka, Samy Kamkar, ya yi haka a MySpace, kafin kwana guda ya cika abin ya kama asusu fiye da miliyan 1.

Inda zancen ya shafe mu shi ne, masu gina shafukan makarantu galibi ba su rubuta komai da hannunsu, aron kayan aiki suke yi, irin PhpSpreadsheet, mai mayar da jadawali shafin intanet. A 2024 an gano ɓarakar XSS a cikinsa, aka toshe ta a sabon fitowa. Amma shafin da ba a sabunta ba, ɓarakar na nan. Gurbi ɗaya mai guba ya isa a shiga da sunan darakta, a sauya maki, a kwashe lambobin wayar iyaye.

Na tambayi wani yaron da ya gina wa wata makaranta shafi yaushe ya sabunta kayansa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai tun da na haɗa shi bai taɓa lalacewa ba."