Gudun Miƙa Sanda: Ƙafa Muna da Ita, Hannu ne Aikin

Duk wanda ya yi makaranta a Accra ya san hayaniyar filin El-Wak ranar Inta-Ko, gasar makarantun sakandare. Ana yin tsalle, ana jifa, amma jama'a ba sa tashi tsaye sai an kira gudun miƙa sanda, mutum huɗu kowa mita 100. A nan yawancinmu 'yan Nima da Maamobi muka fara sanin wannan wasa, kuma a nan na kamu da son koyar da shi.

Gana ba baƙuwa ba ce a fagen. A 1966, a gasar ƙasashen renon Ingila da aka yi a Kingston ta Jamaika, 'yan Gana suka ci zinare. Bayan shekaru aka shiga zamanin Aziz Zakari da Leo Myles-Mills. Aziz ya kai wasan ƙarshe na mita 100 a Olamfik sau biyu, Sidni 2000 da Atina 2004, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko zinaren miƙa sanda a wasannin Afirka na Abuja a 2003. Yaran Zango sun ji sunansa a rediyo, sun ji suna irin na gidansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan sai abin ya yi sanyi har 2019 a Rabat, inda Benjamin Azamati da Joseph Paul Amoah da abokansu suka dawo da zinaren. A Eugene ta Amurka a 2022 suka zo na biyar a duniya da daƙiƙa 38.07. Amma an soke su a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo, an sake soke su a Faris a 2024. Da aka yi wasannin Afirka a gabanmu a Legon, a Maris 2024, Najeriya ta riga mu da ƙiris.

Mai kallo yana ganin ƙafa, mu masu horarwa hannu muke kallo. Wurin miƙa sandar mita 30 ne kacal. Na farko yana riƙe ta da dama, na biyu ya karɓa da hagu, haka har na huɗu. Mai karɓa ba ya waiwaye. Yana sa alama a ƙasa, da ɗan'uwansa ya taka ta sai ya ruga, ya miƙa hannu baya idan ya ji kira. Ya yi gaggawa, sanda ba ta cim masa ba. Ya yi jinkiri, su yi karo. Wannan aminci ba ya samuwa a mako guda, alhali gwanayenmu suna warwatse a jami'o'in Amurka.

A filin Kawukudi, guntun bututun ruwa muke yankewa ya zama sanda, mu ja layi da toka, mu jira 'yan ƙwallo su tashi. Duk da haka, a gasar duniya ta 2025 a Tokyo, Ibrahim Fuseini da Abdul-Rasheed Saminu suna cikin huɗun da suka yi daƙiƙa 37.79, sabon tarihin ƙasa, sannan suka ƙare na huɗu a duniya.

Iyaye da malaman makarantun Zango, idan kun ga yaro ko yarinya mai ƙafa, kada ku ce sai ƙwallo. Ku kawo mana su filin da asuba.