Takunkumin Likita Wu da Annobar Manchuriya

Likitocin Turai sun fara rufe baki da hanci tun shekarar 1897, lokacin da Johann Mikulicz a Breslau da Paul Berger a Faris suka soma ɗaura ƙyalle yayin tiyata. Amma manufarsu ita ce kare raunin majiyyaci daga yawun likita. Ba su yi tunanin kare likitan ba.

Abin ya sauya a ƙarshen shekarar 1910, da annoba ta ɓarke a Manchuriya, arewa maso gabashin Sin. Gwamnati ta aika Wu Lien-teh zuwa Harbin, wani matashin likita haifaffen Penang da ya yi karatu a Kambirij. Da ya binciki gawar wata mata, sai ya gano cutar huhu take kamawa, kuma tari ne ke yaɗa ta daga mutum zuwa mutum, ba ƙumar ɓera ba kamar yadda aka zata. Sai ya haɗa takunkumi na auduga da bandeji mai ninki-ninki, ya umarci ma'aikatan asibiti su riƙa sawa.

Wani likita Bafaranshe, Gérald Mesny, wanda ya girme shi, ya raina wannan ra'ayi. Ya shiga ɗakin majiyyata fuska a buɗe, ya kamu, ya rasu cikin 'yan kwanaki a Janairun 1911. Mutuwarsa ta yi abin da hujjar Wu ta kasa yi: nan da nan kowa ya nemi takunkumi.

Kafin annobar ta lafa a wannan shekarar, ta hallaka mutum kimanin 60,000. A Afrilu aka kira taron likitocin ƙasashen duniya a Mukden, Wu ne ya shugabance shi.