Goma Sha Biyu Da Biyu Bisa Uku: Darasin Kano Ga Ɗalibin Siyasa

Wanda ya taɓa tsayawa a layin zaɓe a mazaɓar Gyaɗi-Gyaɗi Arewa ko ta Kudu, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ya san cewa jefa ƙuri'a aikin minti guda ne. Rigimar tana farawa ne daga wurin ƙidaya, kuma tarihin Kano ya shaida haka.

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta bukaci mai nasara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. A Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Lauyansa, Richard Akinjide, ya kafa hujja cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka rubu'in biyu bisa uku na ƙuri'un Kano ya wadatar. Kotun Ƙoli ta amince a ranar 26 ga Satumba, ta kori ƙarar Obafemi Awolowo. Wato lissafin da ake koyar wa ɗan firamare ne ya ba Najeriya shugaba.

Bayan shekara 44 aka maimaita. A 2023 hukumar zaɓe ta ce Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna kuma 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare 165,663 saboda rashin hatimi da sa hannu, sakamako ya juye, sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su a ranar 12 ga Janairu 2024.

Tsakanin waɗannan shari'u biyu ne Farfesa Attahiru Jega, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero, ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ya kuma ɗora wa malaman jami'a nauyin tattara sakamako.

Duk da haka, da yawa daga cikinmu mun zaɓi kimiyyar siyasa ne don gudun lissafi, muna kallon darasin ƙididdiga a matsayin ƙarfen ƙafa. Kuskure ne babba. Ɗalibin da ya haddace ra'ayoyin masana, amma ya kasa tantance takardar sakamakon rumfar unguwarsu, ba zai iya kare ƙuri'ar mahaifiyarsa ba ranar da aka zo ƙidaya.