Idan Mai Jinya Ta Fita: Littafin da Florence Nightingale Ta Rubuta wa Matan Gida

Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ko mahaifiya a asibiti ya san wannan sa'ar. Yayar da ta kwana uku a gefen gado ta je gida yin wanka, ta bar ƙaninta ya riƙe mata. Likita ya shigo zagayen safe, ya tambayi ko an ba da maganin dare, sau nawa Baba ya yi fitsari, me ya ci tun jiya. Ƙanin ya ce, "Da sauƙi, likita." Ba ƙarya ya yi niyya ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Sai dai amsoshin da likita ke nema sun bi yayarsa gida, domin a kanta kaɗai suke.

Fiye da shekara 160 da suka wuce, wata mata a Landan ta yi wa wannan giɓi dogon nazari. Duniya ta fi sanin Florence Nightingale da hoton mace mai fitila tana zagaya sojojin Birtaniya da suka jikkata a yaƙin Kirimiya. Ta isa asibitin soja na Scutari, a gefen Istanbul, a watan Nuwamba 1854 tare da mata 38, kuma kaso mai yawa na aikinta a can lissafi ne: riguna nawa suka rage, wa ke wankin zannuwan gado, yaya abinci zai isa ga mara lafiya kafin ya huce. Ta koma gida a 1856, daga 1857 kuma ciwo ya kwantar da ita shekaru masu yawa. Tana cikin wannan hali ta rubuta Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859. Ke nan marubuciyar ta san ɗakin jinya ta fuska biyu, ta mai kula da ta wanda ake kula da shi.

Ba don ma'aikatan asibiti ta rubuta shi ba. Makarantarta ta horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas sai a 1860 aka buɗe ta. A Ingila ta wancan zamani asibiti wurin talaka ne, mai hali a gidansa yake jinya, kuma nauyin yana kan mata, uwa ko 'ya ko 'yar'uwa. Su ta yi wa magana.

Babi na uku shi ne zuciyar littafin a ganina, ga shi ba ya maganar magani ko kaɗan. Batunsa ƙananan tsare-tsare ne, kuma tambaya guda ya kafu a kai: ta yaya abin da kike yi idan kina nan zai ci gaba da yiwuwa idan ba kya nan? Nightingale ta lura cewa mai jinya mafi sadaukarwa ma dole ta yi barci, ta ci abinci, ta fita, kuma ɓarnar takan auku a daidai wannan ɗan lokaci. A banko ƙofa a firgita wanda ya samu barci da ƙyar, a miƙa masa wasiƙar da za ta tayar masa da hankali, a rufe tagar da ake so a buɗe. Ƙin motsawa daga gefen gado ba ya magance wannan. Abin da ke magance shi shi ne kowa a gidan ya san abin da ake yi da lokacin da ake yinsa. Har ta shawarci mai jinya ta riƙa gaya wa mara lafiya lokacin da za ta fita da lokacin da za ta dawo, domin zaman jiran tsammani yana cin ƙarfin jiki.

A nan ne ta taɓa wurin da ke da zafi. Ta ce wasu masu riƙe da al'amura suna jin daɗin a ce babu wanda zai iya gane tsarinsu da lissafinsu sai su. A wurinta abin alfahari shi ne akasin haka, wato a bar ma'ajiya da littattafan lissafi a yanayin da kowa zai iya ɗauka ya ci gaba. Magana ce mai ɗaci ga wanda ya ba da barcinsa da lafiyarsa, amma na ga gaskiyarta a gidaje da dama: 'yar da ta fi kowa wahala ita ce kuma ba ta yarda kowa ya taɓa jakar magani.

Babin da ta yi a kan lura da mara lafiya ya dace da ƙanin nan da muka baro a gaban likita. Ta soki tambayoyi irin su ko ya kwana lafiya, domin amsa ɗaya ake bayarwa ga wanda ya yi barcin awa goma da wanda ya ɗan runtsa. A tambayi awa nawa ya yi barci, kuma a wane sashe na dare. Haka abinci: nawa ya ci, da ƙarfe nawa. Tana da wani babi ma a kan masu zuwa dubiya da ke cika mara lafiya da shawarwari da ƙarfafa gwiwar da ba ta da tushe. Wanda ya ga yadda kowane ɗan dubiya ke zuwa da sunan nasa maganin zai ɗauka a unguwarsu ta zauna.

Akwai inda na rabu da ita. Ta amince mai jinya ta rubuta abin da ta lura a 'yar takarda idan hakan na taimaka mata, amma ta ce tana ganin rubutun ya fi raunana ƙwaƙwalwa fiye da ƙarfafa ta. Wannan ya ci karo da babinta na uku, domin abin da ke kan mutum ɗaya ba ya miƙuwa ga wani da ƙarfe biyun dare. Tarihi kuma takarda ya bi. A 1868 likitan Jamus Carl Wunderlich ya wallafa bincikensa a kan zafin jiki, jadawalin awo a gefen gado ya zama al'adar asibitoci. Ita ba ta san gidan da ake jinyar dattijo mai hawan jini da ciwon suga tare ba, mai ƙwayoyi iri biyar, wani kafin abinci wani bayansa, da katin asibitoci biyu da takardun gwaji. A irin wannan gida littafin rubutu na 'yan makaranta, mai kwanan wata da awo da sunan wanda ya ba da magani, shi ne tsarin da ta nema.

Babban raunin littafin kuwa shi ne ya ɗauka akwai wanda za a miƙa wa aikin. Masu karatunta na farko suna da barori. A 1861 ta fitar da bugu mai araha domin iyalan ma'aikata, amma arahar littafi ba ta samar da mutum na biyu a ɗaki. Ita kanta ta ɗanɗana: bayan rasuwar mahaifinta a 1874, kulawa da mahaifiyarta da tsufa ya ci ƙarfinta ta riƙa ɗauke ta daga Landan na watanni, tana kuka da yadda aikinta ke tsayawa, har tsohuwar ta rasu a 1880.

Sai da aka yi kusan ƙarni guda kafin batun ya fita daga ɗaki zuwa siyasa. Mary Webster, mai hidimar coci da ta bar aikinta a 1954 don jinyar iyayenta, ta fara rubuta wa jaridu a 1963 game da 'ya'ya mata marasa aure da jinya ta tsare a gida. A 1965 ta kafa ƙungiya dominsu, ta rasu a 1969. A 1976 gwamnatin Birtaniya ta fara biyan alawus ga masu jinyar 'yan'uwa, amma ta cire matan aure, bisa zaton cewa dama a gida suke. Sai a 1986, bayan ƙarar da wata mata mai jinyar mahaifiyarta, Jackie Drake, ta kai har Kotun Turai, aka shigar da su.