Bromeliyad: Kula da shukar ado mai riƙe ruwa a tsakiyarta

Bromeliyad dangi ne na tsirrai da suka haura iri 3,000, waɗanda asalinsu yankunan zafi ne na nahiyar Amurka. Abarba ita ce 'yar dangin da kowa ya sani. Irin waɗanda ake ajiyewa domin ado a falo da ofis, kamar Guzmania da Aechmea da Neoregelia, ganyensu kan jeru a kewaye, ya bar kwarmi a tsakiya mai kama da kofi.

A daji, da yawansu kan maƙale ne a rassan bishiyoyi, ruwan sama ya taru a kwarmin. Ta ganye suke shan mafi yawan ruwansu, saiwar kuwa babban aikinta riƙe shukar ne. Shi ya sa yawan ban ruwa a tukunya ke ruɓar da ita. A bar ƙasar ta tsane kafin a sake jiƙa ta, tukunyar kuma ta kasance mai huji a gindi.

Kwarmin shi ne ya fi bukatar kulawa. Ruwan da ya daɗe a ciki yakan yi wari, ya ruɓar da zuciyar shukar. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sauron Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, yana hayayyafa a ɗan ruwa kwantacce irin wannan, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwansa kan zama sauro mai tashi. Saboda haka, duk mako a karkata tukunyar a zubar da tsohon ruwan, a ɗauraye kwarmin sosai, a tsince dattin da ya faɗa ciki, sannan a zuba sabo. Ruwan sama ya fi dacewa, domin ruwa mai gishiri ko kanwa yakan bar farin tabo a ganye.

Shukar tana son haske, amma ranar tsaka kan ƙona ganyenta. Da hunturu, a riƙa goge mata ƙura ana yayyafa mata ruwa.

Sau ɗaya take fure a rayuwarta. Daga nan uwar takan fara bushewa a hankali, tana fitar da 'ya'ya a gindinta. Idan ɗan ya kai sulusi ko rabin girman uwar, sai a yanke shi da wuƙa mai tsafta a dasa a tukunyarsa.