Farar Hodar da Ta Fito daga Gwangwanin Fenti

Tun kafin a san abin da ke ƙona fata a cikin hasken rana, masu magani sun san farar hodar tutiya, wadda masana ke kira zink oksayid. Likitan Girka, Diyoskoridis, ya ambace ta a ƙarni na ɗaya cikin magungunan gyambo da ciwon ido.

Sai dai masu fenti ne suka sa ta wadata. Farin fentin Turai na wancan zamani da dalma ake yin sa, dalma kuwa guba ce da ta nakasa ma'aikata da yawa. A shekarun 1840 wani ɗan kwangilar fenti a birnin Paris, Leclaire, ya fara sarrafa farin tutiya da yawa domin ya maye gurbinta. Ɗan'uwansa, titaniyom dayoksayid, ya shiga masana'antu a 1916, shi ma a matsayin fenti.

A ɗaya gefen, a 1801 Bajamushe Johann Ritter ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda daga baya aka tabbatar shi ke ƙona fata, har ya jawo ciwon daji. Da aka lura hodar tutiya tana tare shi, masu ceton rai a gaɓar tekun Ostareliya da 'yan wasan kurket suka riƙa shafa ta fari fat a hanci da leɓe. Wannan farin ya sa jama'a suka fi son mayukan da ke ɓacewa cikin fata. Sai a shekarun 1990 aka iya niƙe ƙwayoyin hodar ƙanana ƙwarai, farin ya ragu.

Daga nan al'amari ya juya. A 2018 jihar Hawayi ta kafa dokar hana sayar da mayukan da ke ɗauke da oksibenzon da oktinoksat saboda murjanin teku. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce cikin sinadarai 16, waɗannan ma'adinai biyu kaɗai ke da isasshiyar shaidar aminci.

Matsala biyu suka rage. A kan baƙar fata hodar tana barin toka-toka, abin da ke sa mutane su ƙi shafa ta. Ga kuma tsada: zabiya a Afirka, waɗanda ciwon dajin fata ke kashe da yawansu da ƙuruciya, su suka fi kowa buƙatar wannan mai, kuma akasarinsu ba su da halin sayensa.