Yajin Aikin 1945: Na Ma'aikatan Jirgin Ƙasa Ne ko na Jam'iyya?

Tun bayan littafin James Coleman na 1958 kan tarihin kishin ƙasa a Nijeriya, an saba a ajiye yajin aikin gama-gari na 1945 cikin babin tasowar jam'iyyar NCNC. Shi Coleman ya yi taka-tsantsan, amma waɗanda suka bi sawunsa sun zarce, har ya kai ga ana koyar da ɗalibai cewa jam'iyyar ce ta farkar da ma'aikata, ta kuma ƙwato musu haƙƙinsu. A ganina wannan fahimta ta juya tarihi baibai, kuma jerin shekarun kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya dakata.

Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta yi rajista a 1940 ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938, Michael Imoudu yana shugabanta. A 1941 ya jagoranci ma'aikatan garejin Ebute Metta suka taka da ƙafa har gidan Gwamna Bourdillon kan tsarin biyan lada da awa. A 1942 gwamnati ta amince da alawus ɗin tsadar rayuwa, a farkon 1943 kuma aka kori Imoudu daga aiki aka tsare shi. Duk wannan ya auku babu NCNC, domin sai a Agustan 1944 aka kafa ta. Jam'iyyar da ba ta cika shekara guda ba lokacin da aka shiga yajin aiki, da wuya a ce ita ta koya wa mutanen nan yadda ake tsayar da jirgi.

Buƙatun da aka miƙa a Maris 1945 su ma ba na jam'iyya ba ne. Ma'aikata sun nemi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin tsadar rayuwa, da mafi ƙarancin lada na sule biyu da sisi a rana. Babu maganar mulkin kai a ciki, babu ta tsarin mulkin Richards, wanda shi ne ya dami 'yan siyasa a lokacin. Da wa'adin da aka bai wa gwamnati ya ƙarato, shugabannin ƙwadago irin su T. A. Bankole suka nemi a jinkirta, ma'aikata suka ƙi. Suka bi Imoudu, wanda bai fi mako uku da dawowa Ikko daga inda aka tsare shi ba, aka ajiye aiki ranar 22 ga Yuni. Mutanen da suka ƙi jin maganar shugabannin ƙungiyarsu, ina ganin ba umarnin wata jam'iyya suke jira ba.

Mai ra'ayin da nake ja da shi yana da amsa, kuma ba amsar da za a raina ba ce. Zai ce fara yajin aiki daban, riƙe shi kwana 44 daban. Jaridun Azikiwe, jigo a NCNC, wato West African Pilot da Daily Comet, su ne suka yi ta yayata kukan ma'aikata har gwamnati ta rufe su a watan Yuli. Zai ƙara da cewa matan kasuwar Ikko, waɗanda Lisa Lindsay (1999) ta nuna irin tallafin da suka bai wa masu yajin aiki, suna da daɗaɗɗiyar alaƙa da Herbert Macaulay, shugaban NCNC, ta hannun jagorarsu Alimotu Pelewura. Ke nan, in ji shi, ko da jam'iyya ba ta haifi yajin aikin ba, ita ta raine shi.

Na yarda da rabin wannan magana. Jaridun sun yi amfani, sun kuma biya farashi. Amma ya kamata a tambaya, me ya tilasta wa gwamnati sassauci? Tattalin arziƙin mulkin mallaka a kan layin dogo yake zaune. Gyaɗar Kano da fatunta, da audugar Zariya, da kuzar Jos, da kwal ɗin Inugu, duk a tarago suke tafiya. Ranar da direba ya sauka daga kan inji, mai zuba kwal ya ajiye shebur, mai juya layi ya bar bakin aikinsa, kaya sun tsaya ke nan a tasha, jiragen ruwa kuma suna jira a Apapa. Wannan ƙarfi a hannun ma'aikaci yake, jarida ba ta da shi. Batun matan kasuwa ma, da yawansu matan ma'aikatan ne ko 'yan uwansu, kuma albashin nan da ake rigima a kai a rumfunansu ake kashe shi. Ba sai an nemo Macaulay ba kafin a fahimci dalilin da ya sa suka ciyar da masu yajin aiki.

Iyakar abin da hujjojin nan suka tabbatar shi ne, mafari da buƙatu da ƙarfin matsin lamba na ma'aikata ne. Ba su nuna cewa ma'aikatan ba su da kishin ƙasa ba, shi kansa Imoudu ya shiga rangadin da NCNC ta yi a faɗin ƙasa a 1946. Amma wa ya fi cin riba? Ma'aikata sun sami ƙarin alawus ta hannun kwamitin Tudor Davies a 1946. Azikiwe kuwa ya fito da farin jinin da ya kai sunansa garuruwan da jam'iyyarsa ba ta da ko ofis. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bayan haka, gardamar ko a ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar NCNC ita ta raba babbar ƙungiyar ƙwadago gida biyu, ɓangaren Imoudu ya kafa tasa a 1949.

Gwaji mafi kyau ya zo a Yunin 1964, lokacin da ma'aikata suka sake shiga yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu kan rahoton kwamitin Morgan game da albashi. A wannan karo NCNC tana cikin gwamnatin haɗin gwiwa da jam'iyyar NPC, Azikiwe ne shugaban ƙasa, ɗan jam'iyyarsa Festus Okotie-Eboh ne ministan kuɗi, Imoudu kuma yana nan inda yake, tare da ma'aikata. Da a ce kare haƙƙin ma'aikaci ɗabi'ar jam'iyyar ce, da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka ina kira ga masu rubuta tarihin ƙwadago da masu koyar da shi su mayar da yajin aikin 1945 ga masu shi. Jam'iyya tana mara wa ma'aikaci baya ne muddin tana neman mulki da shi. Haƙƙin da ya samu a 1945, ƙungiyarsa da ikonsa na tsayar da aiki ne suka ba shi.